Ɗorawar Gwaggo Hansai

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na zama shugaba ba, kuma ko da na so in manta, masu adaidaita sahu na garinmu ba za su bar ni ba. Kullum sai sun tuna mini, wasu da gangan, wasu kuwa ba su ma san ni ne mai aika-aikar ba. Zan zo kan wannan. Bari in faro daga tushe, tunda na yi niyyar tona wa kaina asiri.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka samun ko taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Daga bakin kwalta zuwa cikin gari akwai wata siririyar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda a lokacin jaki da babur da amalanke kaɗai suke iya bin ta. A tsakiyar tafiyar, a gefen gonar wani attajirinmu Alhaji Sule, akwai wata ƙatuwar ɗorawa da hanyar take zagayewa.

To, ku riƙe wannan, don nan abin yake. Gonar ta Alhaji Sule ce, amma ɗorawar ba tasa ba ce. Ta wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, mai sana'ar daddawa, wadda duk gari ke kira Gwaggo Hansai. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, yayyenta maza suka ɗauki gonar suka sayar, ita kuma bishiyar ce ta faɗo a rabonta. A wajenmu haka ake yi, ƙasa daban, bishiyar da ke kanta daban. Daga kalwar wannan ɗorawa take yin daddawar da take ci take sha, ba ta da miji, ba ta da gona. Babu wanda bai san haka ba a garin nan, ina jin har awaki sun sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, domin tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, daga nan na wuce kwaleji a birni. Hutu nake zuwa, in ci tuwo, in yi barci, in gyara wa mutane Turanci, in koma.

Da na gama karatu na dawo gida na kama koyarwa a firamare, sai ƙungiyar matasa ta zaɓe ni shugaba. (Na daɗe ina zaton cancantata suka gani. Daga baya na gano ni kaɗai ne mai haƙurin rubuta wasiƙa.) Ba a fi wata guda ba aka tura ni wani horo na kwana uku a birni kan shugabanci. Mai koyarwar, wani mutum mai kwat da taye a wannan zafin, ya ce abu biyu ne ginshiƙin shugaba. Na farko, ya san abin da ya tashe shi tun daga zuciyarsa. Na biyu, burin nan ya zama na jama'a ne gaba ɗaya, ba nasa shi kaɗai ba.

Na farkon na kama shi da kyau, don ina da shi tun kafin in zo. Shekara biyu kafin nan, ƙanwata Rabi ta yi doguwar naƙuda da damina, mota ta kasa shigowa, sai a amalanke aka kai ta bakin kwalta. Allah ya yi da sauran kwananta, ita da jaririn suka rayu, amma ban taɓa mantawa da labarin ba. Da aka ce kowa ya rubuta manufarsa, na rubuta cewa ba za a sake ɗaukar wata mace a amalanke a garinmu ba. Har yau ba na jin kunyar wannan jimlar. Darasi na biyu kuwa a rana ta uku aka yi shi, bayan an cika mu da shinkafa da kaza, kuma gaskiya idona biyu ne kawai a lokacin da ake raba satifiket.

Na dawo gida da kalma ɗaya a baki: hangen nesa. Idan Inna ta ce in sayo gishiri, sai na yi mata bayanin hangen nesa. Na samo kwali, na ɗauki rula, na ja layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga kwalta har ƙofar masallaci. Inda layin ya bi ta kan ɗorawa, na yi ɗan gicciye da jan biro, na wuce abina.

Muka yi taro a ajin da nake koyarwa. Na yi kusan awa guda ina magana. Da na gama na ce, "Kowa ya yarda?" Sai na ji ana, "To." "Allah ya sa alheri." "Madalla." Na buɗe littafi na rubuta cewa an amince baki ɗaya. Ni da aka haifa a garin nan, na manta cewa idan mutanenmu suka ce maka "to" da irin wannan muryar, nufinsu sun ji ka gama magana ne kawai.

Mutum ɗaya ya ɗaga hannu, Nafi'u, abokina na ƙuruciya, bakaniken babur, kuma sakataren ƙungiyar.

"Shugaba," ya ce, "ni a ganina lanƙwasa ba ita ce matsalar ba. Kwarin nan ne da ruwa ke cinyewa duk damina. In aka sa kwalbati aka ɗan faɗaɗa hanyar, ai shi ke nan. Amma ita ɗorawar nan fa..."

"Nafi'u," na katse shi, "masu amma-amma irinku su suka hana ƙauyen nan ci gaba."

Aka yi dariya kaɗan. Ya sauke hannunsa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na so a ce mai kwat yana wurin ya ga ɗalibinsa.

Kada ku ce ban nemi izini ba. Na nema, wallahi na nema. Duk inda ake buga hatimi na je. Na je wajen Alhaji Sule ma, na same shi a ƙofar gida ana auna masa gyaɗa. Ya saurare ni, ya ce, "Ƙasa dai tawa ce, ku ɗibi abin da hanya take bukata, sadaka ce. Abin da yake kanta kuwa..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na cafke hannunsa ina zuba godiya, na sa aka ɗauke mu hoto. Har yau hoton yana wayata, bakinsa a buɗe, da sauran magana a ciki.

Baba ma ya yi nasa ƙoƙarin, ta irin hanyarsu ta manya. Wata rana da la'asar yana zuba wa tumaki harawa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka shiga ka gai da Gwaggonka Hansai kuwa?"

"Zan shiga, Baba."

"To, ka shiga ɗin. Kafin aikin nan naku."

Bayan kwana uku ya sake maimaitawa. A raina na ce su dai tsofaffi ba su da aiki sai gaishe-gaishe, mutum yana fama da ci gaban al'umma ana ce masa ya je ya durƙusa a tsakar gida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Ban shiga ba.

Ranar Asabar muka sa gayya. Matasa suka fito da fartanya da diga da shebur, a zatonsu cike ramuka za a yi da faɗaɗa gefe. Ni kuma na ɓoye musu abin mamaki: na ɗauko mai injin yanka itace daga birni. Baba ya tafi kasuwa da rago tun safe, Gwaggo Hansai kuma ta tafi sunan jikarta can wajen Ungogo. Ɗorawar tana tsaye, ta yi 'ya'ya jingim, suna reto kore shar, saura kamar mako uku su nuna a sauke.

Da Nafi'u ya ga inji, sai ya ja ni gefe. "Shugaba, an daidaita kan bishiyar nan?"

"Na gama da kowa da kowa," na ce, ina duba agogo.

Ya daɗe yana kallona. "To, tunda ka ce."

Wannan ce ƙaryar da ta fi ci mini rai, domin a lokacin ban ma ɗauke ta ƙarya ba. Da na ce masa, "Da wa kake nufi?" da an wuce wurin. Amma shugaba mai hangen nesa zai tsaya yana tambayar bakanike?

Inji ya kama kuka. Matasa suka ja baya suka tsaya cirko-cirko, na ɗauka lalaci ne, har na yi musu faɗa. Kafin azahar bishiyar da ta girmi Babana ta yi wata irin ƙara, ta kwanta. Ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Na fara tafi. Na yi tafi kamar sau biyar kafin in lura ni kaɗai nake yi. Wani dattijo da ya zo wucewa a kan jaki ya tsaya ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya juya da jakinsa ya koma inda ya fito. Ni kuwa na ɗora ƙafa a kan gungumen, aka ɗauke ni hoto.

Washegari Lahadi ne bikin buɗe hanya, saboda haka ban ko shiga gida ba, na bi motar mai inji zuwa birni don in karɓo ƙyallen sanarwa da lasifika, na kwana wajen wani abokina. Baba ya kira ni sau uku. Na tura masa saƙo cewa ina mitin. (Baba ba ya karanta boko. Na sani sarai.)

Da hantsi na iso kai tsaye wurin taro, da ƙyallen da hotona ya fi hoton hanyar girma. A ina aka shirya taron? A daidai inda ɗorawar take, domin nan ne aka saba taruwa saboda inuwa. Inuwar kuwa ga ta nan a kwance a gefe, ganyenta ya fara yaushi. Rumfa ɗaya na yi haya, ta manyan baƙi, dagaci da liman da kansila. Sauran jama'a suna zaune a rana tsaka, a zafin bazara, suna fifita da hula. Na lura ba mai haɗa ido da ni. Na ce a raina kwarjini ne.

Na karɓi abin magana na fara zuba. Na yi maganar manufa, na yi maganar Rabi. Sannan na kawo jimlar da na kwana ina haddacewa: "Wannan hanya ba burina ba ne ni kaɗai, burinmu ne gaba ɗaya. Babu gidan da ban shiga ba, babu wanda ban ji ta bakinsa ba."

A nan ne na hango Gwaggo Hansai ta taso daga cikin mata, tana dogara sanda, da 'yar ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Na ce a raina, kai, har tsofaffi sun kawo tukuici. Na yi wa mai hoto alama ya matso. Ta fara gai da dagaci, "Ranka ya daɗe," sannan ta juyo wajena. Ni da kaina, da wannan hannun nawa, na kara mata abin magana a baki, don kada jama'a su rasa yabon da za ta yi mini.

"Sannu da aiki, ɗan nan," ta ce, muryarta ta fita ta lasifika har bayan gari. "Na ji ka ce ka shiga kowane gida. Wataƙila ka zo ba na nan."

Na yi murmushi. Ban gane ba tukuna.

Ta buɗe faifan. Daddawa ce, 'yan ƙwayoyi kaɗan a gindin ƙwarya. "Ta bara ce, ita ta rage. Na ce bari in kawo maka, tunda bana babu, baɗi ma babu. Shekara shida kana makarantar kwana, duk yajin da innarka take ƙulla maka, daddawar da ke ciki daga bishiyar nan take. Ni nake miƙa mata ta katanga, in ce yaronmu ne mai karatu, wata rana zai amfane mu."

Ta juya ta dubi gungumen. Ni ma na duba. A lokacin ne komai ya haɗu a kaina lokaci ɗaya, hannun Nafi'u, bakin Alhaji Sule, harawar Baba.

"Ita kaɗai ubana ya bar mini," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Kuma Rabin da kake faɗa, ranar da aka ɗauke ta a amalanke, kai kana birni. Ni na riƙe kanta a cinyata har bakin kwalta. Kana jin ni ba na son hanya ne? Da ka zo ka zauna, da mun san yadda za mu yi. Ko ba komai, da ka bari na sauke ta bana."

Ta miƙo mini ƙwaryar, na karɓa da hannu biyu. Ya kamata in durƙusa a wurin in ba ta haƙuri. Ya kamata in yi kuka, ko in yi shiru. Amma kwana uku na yi a wajen horo, kuma duk wanda ya yi magana a can abu ɗaya ake cewa. Sai kawai na ji bakina ya ce, ta lasifika:

"A tafa wa Gwaggo."

Ba wanda ya motsa. Mai hoto ma ya sauke kyamararsa. Dagaci ya sunkuyar da kai ya ce wa liman a yi addu'a. Kansila ya tuna yana da wani taron. Cikin minti goma fili ya watse, aka bar ni tsaye da ƙwarya a hannu, a ƙarƙashin hotona yana murmushi. Ban taɓa jin na tsani fuskata kamar ranar ba.

A gida Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce, "Sau biyu na gaya maka."

"Baba, ai ba ka ce mini tata ba ce."

"Wanda zai ja ragamar gari, sai an gaya masa bishiyar wa ke bakin hanya?" Sannan ya ƙara da cewa shi da maƙwabtan gonarmu sun riga sun yi shawara, kowa zai ba da taku biyu daga ɗaya gefen, hanya ta yi faɗi ta zagaye bishiyar. Jira suke in zo in tambaya. Wato burin da nake ta ihu a kansa yana nan a zukatan mutane tun kafin in sayi kwali, ni ne dai ban je na ɗauko shi ba.

Da yamma na shiga gidan Gwaggo, a karo na farko cikin shekaru. Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Na yafe, ɗan nan. Tashi. Amma kada ka riƙa zuwa kana yi mini wannan fuskar, ba mutuwa aka yi ba." Aka kwaso mata itacen aka jibge a ƙofar gida, ta raba wa maƙwabta, ta ce ita ba za ta iya dafa tuwo da shi ba. Ta gwada sayen kalwa a kasuwa, abin bai yi ba, ta bar sana'ar. Mu muka ci gaba da miƙa mata kwano ta katangar da a da ita take miƙo mana. Ba ta kwana da yunwa ba, amma macen da ta saba ci da hannunta ta koma jiran kwano, kuma ni na jawo. Na dasa ɗorawa biyu a gefen gonarmu, a gaban shaidu, na ce nata ne. Ta yi dariya ta ce, "Ka dai ce na jikokina." Damina uku bayan haka ta rasu. Har yau bishiyoyin ba su yi fure ba.

Hanyar fa? Mun yi mako uku muna haƙar kututturen. Muka sa masa wuta, muka ɗaura masa igiya, saiwoyin suka ce ba inda za su. Muka haƙura. Ruwan farko da ya sauka ya cinye kwarin nan, daidai yadda Nafi'u ya faɗa. Na sauka daga shugabanci kafin a sauke ni, aka zaɓe shi. Bai taɓa halartar horo ba. Gida-gida ya bi yana shan fura yana sauraro, ya yi wata biyu bai ja layi ko ɗaya ba. A rani na gaba aka sa kwalbati, su Baba suka ba da takunsu biyu-biyu, mota ta shigo gari.

Yanzu hanya tana nan lafiya, tana zagaye kututturen, daidai yadda da za ta zagaye bishiyar da ranta da inuwarta da kalwarta. Masu adaidaita sahu kuma sun raɗa wa wurin suna. Duk wanda ya ɗauko fasinja daga kwalta, in ya iso nan sai ka ji ya ce, "Akwai mai sauka Kwanar Shugaba?" Nan ne ya fi kusa da gidanmu, amma ba na amsawa. Sai an wuce gaba nake sauka, in dawo da ƙafa.

Ƙwaryar tana nan a ɗakina, ban mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu ni ne hedimasta, ina kiran taron iyaye lokaci-lokaci. Duk ranar da na gama bayani na ji zaure ya amsa da "To, Allah ya sa alheri," sai in rufe littafina ban rubuta komai ba, in sa takalmi, in fara bin gidaje ina gai da tsofaffi.